Rugugin Wufa a Motocin Sabon Wuse: Sababinsa da Abin da Yake Haifarwa

Duk wanda ya taɓa zama a bakin titi a Sabon Wuse bayan sallar la'asar, sa'ad da ma'aikata suka fara kwararowa daga Abuja, 'yan tireda kuma suka fara fito da fitilunsu, lalle ya san wani rugugi da yakan riga motarsa isowa, wanda kunne bai gama tantance shi ba sai ƙirji ya amsa, kwanon rufin rumfa ya ɗauki rawa. Wannan shi ne aikin wufa, wato babbar sifikar da ake ajiyewa cikin akwati a but, da abokiyar tafiyarta amfilifaya, wadda ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa gare ta. Abin ya yawaita a motocin samari da na 'yan kabu-kabu har ya cancanci a yi masa nazari da adalci, domin kuwa zagin abu ba tare da sanin illarsa da dalilinsa ba aikin gaggawa ne, ba na masu hankali ba.

Sababi na farko yana cikin tarihin garin kansa. Sabon Wuse matsuguni ne da aka yi wa mutanen Wuse ta asali, waɗanda aka tasa bayan dokar 1976 da ta kafa birnin tarayya, kuma tun da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba 1991, tsadar haya ta yi ta koro ƙananan ma'aikata zuwa Madalla da Suleja da Gauraka, har zuwa nan hedikwatar ƙaramar hukumar Tafa. Mutumin da ke fita bayan asuba, ya wuce mararrabar Dikko da gindin Dutsen Zuma, ya sha cunkoson Zuba, sa'an nan ya maimaita wannan da maraice a kan hanyar da aka fara gyaranta tun 2018, motarsa ta zame masa ɗaki na biyu, kuma ba abin mamaki ba ne ɗan Adam ya so ƙawata wurin da yake cinye sa'o'in rayuwarsa.

Sababi na biyu, wanda a ganina ya fi ƙarfi, shi ne kiɗan ya canja, rediyon motar kuwa bai canja ba. A zamanin Fijo 504, da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, abin da direba ke saurare shi ne kaset ɗin Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko karatun Alƙur'ani da tafsiri, kuma waɗannan duk murya ce ke jagorancinsu, ƙaramar sifika ta wadatar. Amma waƙoƙin sutudiyo na Kano da Kaduna, da na Legas, da amapiano da ya zo daga Afirka ta Kudu, an gina su ne a kan amo mai kauri, wanda samari ke kira bes. Kunnen mutum yana jin sauti tun daga girgiza 20 a daƙiƙa har zuwa 20,000. Bes yana zaune a can ƙasa, daga 80 zuwa abin da ya yi ƙasa, kuma fitar da shi yana bukatar tura iska mai yawa. Rediyon da ya zo da Corolla ko Golf 'yar Kwatano ba ya ba kowace sifika fiye da wat 15 zuwa 20 na haƙiƙa, sifikun ƙofa kuwa faɗinsu bai wuce inci 6 da rabi ba, galibi ma zafin rana da shekaru sun riga sun cinye bakinsu. Saboda haka idan saurayi ya ce waƙarsa ba ta fita, gaskiya ya faɗa; rabin abin da mawaƙin ya shirya bai iso kunnensa ba. Sai a haɗa da arahar kayan Sin da na gwanjo, da son a san da zuwan mutum ran rakiyar amarya ko gangamin siyasa, buƙata ta cika.

Na tsaya wata rana a inuwar wani mai rewaya ina kallon yadda ake aikin. Ya zaro jar waya daga kan batir, ya cusa ta ta wani rami a bangon inji, ya bi da ita ƙarƙashin kafet har but. Ya kankare fenti a jikin ƙarfe ya ɗaure baƙar wayar at. Sa'an nan, da yake rediyon kamfani ba shi da mafitar da ake jona amfilifaya, sai ya tsinko sauti daga wayoyin sifikun baya ta wata 'yar na'ura mai kamar akwatin ashana. Mai motar, yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, yana riƙe da kwalin amfilifayar yana nuna adadin da aka rubuta da manyan haruffa. Mai rewayan ya girgiza kai ya ce masa, "Ƙanena, bar kallon wannan lamba, ka duba fis ɗin da ke jikinta, shi ne ba ya ƙarya."

Wannan magana ta ƙunshi ilimin al'amarin gaba ɗaya. Dubban wat da ake bugawa a kwali ƙarfin ƙiftawar ido ne, alhali ma'aunin da ake dogara da shi shi ne wanda na'urar za ta jure a kai a kai, wanda ake rubuta wa RMS. Kuma kowane wat daga wani wuri yake fitowa. Amfilifaya mai wat 500 na haƙiƙa, idan aka ƙure ta, takan ja amfiya 40 ko fiye daga wutar mota mai bolt 12, alhali altanetar ƙaramar mota abin da take bayarwa duka-duka bai cika wuce amfiya 70 zuwa 100 ba, kuma daga ciki ne fitilu da fanka da iyakwandishan da famfon mai ke cin rabonsu. Shi ya sa za ka ga fitilar mota tana lumshewa daidai da bugun ganga, batir yana mutuwa kafin wa'adinsa, altaneta tana ƙonewa, mai motar kuma yana ɗora laifi a kan masu sayar da batir. Wanda ya fi wannan muni shi ne waya. Akwai wadda ake sayarwa da kaurin roba, cikinta kuwa alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe, tana zafi tun kafin a kai rabin ƙarfinta. Ƙa'ida ita ce a sa fis kusa da batir, tazarar da ba ta wuce kamu biyu ba. Idan aka bar shi don tsimin 'yan kuɗi kaɗan, ranar da ƙarfe ya yanki robar wayar, babu abin da zai tsaya tsakanin batir da gobara. Na ga motar wani maƙwabcina da kafet ɗinta ya narke tun daga ƙafar direba har kujerar baya, Allah Ya kiyaye babu yara a ciki.

Sai batun ji, wanda asararsa ba ta da gyara a gareji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi, ta kuma nuna cewa desibel 80 na sa'a 40 a mako shi ne haddin aminci, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Motar da aka rufe gilasanta aka ƙure wufa tana haye 100 cikin sauƙi. Direban da ke cikinta ba ya jin hon ɗin tirela a hanyar da manyan motocin Tafa ba su yanke mata dare da rana, kuma wannan ya shafi rayukan fasinjojinsa.

Amma inda al'amarin ya fita daga hannun mai shi ya zama na jama'a shi ne ɗabi'ar bes kanta. Siririn sauti bango yana tare shi. Kakkaura kuwa, da yake tsawon igiyarsa ɗaya a girgiza 40 ya haura mita 8, yakan ratsa gilashi da bulo kamar babu su. Mai motar yana zaton shi kaɗai yake jin daɗinsa, bai san majinyaci a ɗaki, da jaririn da aka sha wahala kafin ya yi barci, da ɗalibin da ke tilawa, da sahun masu sallar isha'i, duk an tilasta musu tarayya da shi ba. Hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009, sai dai mota ba ta tsayawa a auna ta. Malamanmu kuwa, ko da an ajiye saɓaninsu game da hukuncin kiɗa, ba su yi saɓani ba a kan haramcin cutar da maƙwabci da haƙƙin hanya, kuma sassauta murya yana cikin wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa. Abin da yake mubahi a cikin mota yana iya komawa zalunci a wajenta, ba tare da an canja waƙa ba.

Ban ga maslaha a ce a hana sana'ar ba, domin tana ciyar da masu rewaya da kafintocin akwati da yaransu masu koyo, kuma wufa guda mai inci 10, da amfilifaya daidai ƙarfin altaneta, da wayar jan ƙarfe ta gaske da fis a mazauninsa, tana cika waƙa ba tare da an ƙure murya ba. Akwai ma wani ɗan maɓalli da ake jawowa kusa da sitiyari don rage bes shi kaɗai. Yaron nan da na gani ya so a bar shi a kwali, mai rewayan ya ƙi, ya huda masa wuri a ƙarƙashin dashbod, ya kama hannunsa ya ɗora a kai, ya ce ya riƙa murɗa shi baya tun daga kwanar unguwarsu.