Lalacewar Tantanin Jijiyoyin Jini: Yadda Ciwon Sukari Ke Taɓa Ido da Ƙoda

Kowace jijiyar jini da ke jikin ɗan Adam tana da wani siririn tantani da ya shafe cikinta, wanda likitoci ke kira endoteliyam, kuma shi ne ke tantance abin da zai fita daga jini zuwa tsoka, ya hana jini daskarewa, ya kuma fitar da sinadarin naitirik oksayid mai sa jijiya ta saki domin jini ya gudana. Gano aikin wannan sinadari ne ya sa aka ba Robert Furchgott da wasu masu bincike biyu lambar yabo ta Nobel a 1998.

Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini, yakan manne wa sinadaran gina jiki da ke bangon jijiya, ya rage naitirik oksayid, har bangon ya yi kauri amma ya rasa ƙarfi, ya fara yoyo ko ya toshe. Ƙananan jijiyoyi ne suka fi jin jiki, shi ya sa ɓarnar ke bayyana a ido da ƙoda, inda suke da yawa.

A cikin ido, abin yana shafar ratina, wato tantanin da ke can baya mai karɓar haske. Jijiyoyinta kan kumbura su tsiyayar da ruwa da jini, kuma idan wasu suka toshe sai sababbi marasa ƙwari su tsiro, waɗanda kan fashe su dusashe gani, wani lokaci farat ɗaya. A ƙoda kuwa, wadda kowace ɗaya ke da matatai kusan miliyan guda, tantanin da ya lalace kan zama tamkar rariyar da ramukanta suka buɗe, sai sinadarin albumin, wanda ya kamata ya zauna cikin jini, ya riƙa zurarewa cikin fitsari. Hawan jini na ƙara hanzarta lalacewar gaɓoɓin biyu.

Babban hatsarin shi ne duk wannan na tafiya tsawon shekaru ba tare da zafi ko alama ba. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kusan rabin masu ciwon sukari 'yan shekara 40 zuwa sama da aka gwada ba su san suna ɗauke da shi ba.

Wannan batu yana da nauyi na musamman ga mutanen masarautar Zuru da ke Jihar Kebbi, daga garin Zuru zuwa Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, domin idan cutar ta kai matsayin wankin ƙoda, wanda ake yi sau biyu ko uku a mako, ko gyaran ratina da hasken leza, sau da yawa sai an dangana da Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, tafiyar da kan ci kuɗin amfanin gonar manomi kafin ma a biya na magani.

Sai dai ana iya jinkirta ɓarnar, domin wani babban bincike da aka wallafa a Birtaniya a 1998 ya tabbatar da cewa tsananta kula da sukari ya rage matsalolin ƙananan jijiyoyi da kashi 25 cikin ɗari. Saboda haka wajibi ne duk wanda aka samu da ciwon sukari ya riƙe maganinsa, ya kula da hawan jini, ya guji taba, sannan a duba masa bayan ido a kuma auna albumin a fitsarinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana gani garau. Ya kuma kamata hukumomin lafiya na Jihar Kebbi su wadata babban asibitin Zuru da ƙananan asibitocin karkara da kayan waɗannan gwaje-gwaje, domin kuɗin yin gwaje-gwajen bai kai na wankin ƙoda ba.