An Sauya Inji, Esi Ya Ɗauke: A Bi Waya Kafin a Sayi Gas

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, masara da dawa da waken soya suka cika kasuwannin Dandume da Bakori, auduga ta hau sikeli, sai garejin makanikai ma su cika. Lokacin ne mai motar da ta shekara tana hayaƙi tana shan baƙin mai yake samun kuɗin wani injin. A kawo masa ɗan Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wani ma har Ladipo ta Legas yake aikawa. Cikin 'yan kwanaki an ɗora, a murɗa makulli mota ta tashi lafiya lau, a biya makanike, a yi godiya.

Sai dai wannan aiki yakan faɗo ne a tsakiyar hunturu, sa'ad da kowa ke rufe gilashi don gudun sanyi da ƙura. Ba wanda ke tunawa da na'urar sanyaya mota, wato esi. Sai watan Maris ya kama, zafi ya doshi digiri 40, mutum yana kan hanyar Zariya ko ya miƙi ta Gwarzo zai shiga Kano, ya danna maɓalli, iska mai ɗumi ta buso masa. A lokacin wata uku sun shuɗe. Makanike ya ce shi inji aka ba shi, kuma ga shi yana aiki. Mai sayar da inji ya ce kwanakin gwaji sun daɗe da ƙarewa.

Daga nan sai wajen mai esi, kuma amsar da aka fi ji ita ce, “Gas ne ya ƙare, Alhaji.”

Wani lokacin gaskiya ne. Amma gas ɗin esi ba fetur ba ne da mota ke ƙonewa. A rufe yake, yana zagaye cikin bututu, in ya ragu to akwai inda yake tsiyaya. Makanike mai lura yakan kwance kwampireson esi daga jikin tsohon inji ya ɗaure shi a gefe ba tare da ya buɗe bututunsa ba. Mai gaggawa kuwa ya sassauta noti, gas ya fice, ya bar bakin bututun a buɗe har a gama aiki. Man da ke cikin kwampireso yana zuƙar laima, shi ya sa dole a zuƙe iskar ciki da na'ura na kamar rabin awa kafin a sake ɗurawa. Geji ne ke faɗin ko akwai gas ko babu. Wanda ya ƙara gas a kan cikakken gas ya ƙara wa kansa matsala, domin matsi zai yi yawa, motar kuma ta yanke esin da kanta.

In geji ya nuna gas na nan, saura wuta. Maɓallin da direba ke dannawa ba shi ke kai wuta ga kwampireso ba, neman izini kawai yake yi. Saƙon zai bi ta ƙaramar na'urar da ke kula da esi, ita kuma ta tambayi makunnin matsi ko gas bai yi kaɗan ba, bai kuma yi yawa ba. Daga nan sai kwamfutar inji, wadda 'yan gareji ke kira birenbos, ta duba zafin inji, ta ɗan ɗaga silo don kada mota ta mutu, sannan ta umarci rile ya saki wuta. Wutar ce ke kama maganaɗisun da ke gaban kwampireso, a ji wani ɗan sauti “ƙas”, farantin tsakiya ya fara juyawa tare da fuli. Duk mai mota zai iya wannan binciken: ya buɗe bonet, wani ya danna maɓalli, shi kuma ya saurara, hannunsa da rigarsa nesa da fanbel.

Sauya inji yana taɓa kusan kowace gaɓa a wannan hanya. Matsala mafi sauƙi ita ce soket da aka manta ba a mayar ba, ko aka matse wayarsa tsakanin inji da bodi har ta tsinke daga ciki. Sai wayar nagatif mai kauri da ke haɗa inji da bodin mota. A yawancin motoci ta jikin inji wutar maganaɗisun ke komawa batir, don haka in aka ɗaure wayar nan a kan tsatsa ko fenti, esi zai riƙa kamawa yana saki. Har ɓera yana da nasa kason: motar da ke ɗaukar buhunan hatsi, ta kuma yi kwanaki a gareji ba inji, ba abin mamaki ba ne a tarar an ci mata waya.

Matsalar da ta fi wahalar ganowa ita ce ta rashin dacewa. Ɗauki Corolla ta wajen 2003 zuwa 2007. Wadda ta fito daga Amurka tana da inji 1ZZ mai lita 1.8, ta Turai kuwa akasari 3ZZ ne mai 1.6 ko 4ZZ mai 1.4. 'Yan gida ɗaya ne, ɗaya yana iya zama a gurbin ɗaya, amma kwamfutarsu da wasu wayoyinsu ba ɗaya ba ne. In sensan zafin sabon inji yana ba tsohuwar kwamfuta labarin da ba daidai ba, za ta iya ɗauka inji ya yi zafi, ta hana esi tashi alhali gas cike yake. Wasu motocin Toyota, irin su Camry, suna da sensa a jikin kwampireso mai ƙirga juyawarsa, ana gwada ta da juyawar inji. In aka ɗora kwampireson da ba shi da wannan sensa, ko fanbel yana sulɓewa, esi zai kama na 'yan daƙiƙoƙi ya saki, fitilar maɓallin ta dinga ƙiftawa. Wannan ƙiftawar bayani ne motar ke yi, mai wayarin da ya san aiki yana ganewa. Golf 3 da Golf 4, waɗanda ba a rasa su a tashoshin yankin nan, suna da wani ƙaramin akwati a ɗakin inji da ke tafiyar da fanka da maganaɗisun esi tare. Soket ɗinsa ɗaya ya saki, duka biyun sun tsaya.

Motocin baya-bayan nan sun ƙara nisa. Tun daga 2008, motocin da ake sayarwa a Amurka suna amfani da tsarin da ake kira CAN, inda kwamfutocin mota ke aika wa juna saƙo ta wayoyi biyu da aka murɗe tare. A irinsu, ƙwan gwajin da mai wayarin ya saba tsikarawa ba ya nuna komai, wani lokacin ma ɓarna yake yi. Sai an jona na'urar bincike.

Ƙwararren mai wayarin yana farawa ne daga mai araha. Ya duba fiyus. Ya musanya rilen esi da wani mai lamba iri ɗaya, kamar na hon, ya gani. Ya sa mita a soket ɗin kwampireso ya ga ko volt 12 na isowa. In tana isowa amma ba a ji “ƙas” ba, ya auna nadin maganaɗisun, wanda yawanci ke nuna om 3 zuwa 5. Ya kuma auna caji, domin inji yana aiki ya kamata batir ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Yana iya taɓa wa kwampireso wutar batir na daƙiƙa biyu don ya ji ko yana da rai. Gwaji ne wannan, ba gyara ba.

Inda ake shiga uku shi ne a mai da gwajin ya zama gyara. Idan bin waya ya gagara, ko rana ta yi, ko mai mota yana ta azalzala, sai a ce, “Bari a yi masa dairek.” A ja waya daga batir ko makulli zuwa kwampireso, a maƙala wani ɗan makunni a ƙarƙashin sitiyari. Sanyi ya zo nan take, kowa ya ji daɗi. Amma an tsallake duk abin da ke kare motar. Gas ya tsiyaye, kwampireso zai ci gaba da juyawa ba mai, har ya ƙone ya watsa garin ƙarfe cikin bututu. Kwandensa ya toshe da ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da kaɗar da iska ke ɗauka lokacin cinikin auduga, matsi zai hau ba mai yankewa, har tiyo ya fashe. Fanka ba ta san an kunna esi ba, kwamfuta ma ba ta sani ba, sai mota ta riƙa mutuwa a cunkoso, allurar zafi tana hawa. Ƙarshenta gaskit ɗin injin da aka sayar da amfanin gona aka saya shi ne zai tafi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ƙanin dairek shi ne fiyus na ƙarya. Fiyus ya ƙone, a naɗa masa silin waya ko takardar kwalin sigari, ko a sa mai lamba 30 a gurbin mai 10. Fiyus ba ya ƙonewa haka kawai, sau da yawa wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. In aka hana shi ƙonewa, wayar ce za ta yi zafi a madadinsa, kusa da tiyon fetur.

Shi ma gas ɗin a lura da shi. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, kamfanonin mota sun bar R12 sun koma R134a a tsakiyar shekarun 1990, kuma shi ne a yawancin motocin da ke kan titunanmu. Sunansa da nauyin da motar ke ɗauka suna rubuce a wata takarda da ke manne a ƙarƙashin bonet. Gas ɗin firij na zamani, R600a, yana kama wuta, bai dace da mota ba ko da kyauta aka bayar.

Saboda haka duk mai niyyar sauya inji a kakar bana, ya sa maganar esi cikin ciniki tun kafin a kwance noti ɗaya. Ya tambayi lambar injin ya gwada da ta nasa. In sun bambanta, ya nemi a haɗo masa da wayoyi da kwamfutar sabon, ya kuma tambaya ko za ta karɓi makullin motarsa. Kada ya bar tsohon kwampireso da sensocin tsohon inji a gareji, sau da yawa su ne ke dacewa da motar. Ranar karɓar mota kuma, ko da hazo ya rufe gari, a kunna esi da tsakar rana na minti 15, a ga fanka ta tashi, silo ya tsaya, allurar zafi ba ta wuce inda ta saba ba, sannan a biya cikon kuɗin aiki.