Tarin Hunturu a Ƙasar Ƙonni: Ba Duka ba ne Sanyi

Daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan lulluɓe kwaltar da ta ratsa Birnin Ƙonni da Malbaza, har direba ya kunna fitila da rana tsaka. Mafi yawan ƙurar nan daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa. A lokacin ne tari ke cika gidaje, amsar kowa kuma ɗaya ce: sanyi ne.

Wani tarin, gaskiya sanyi ne. Gashin hanci da majina kan tare ƙura mai kauri, a fyace ta a huta. Iskar da ta wuce takan bi maƙogwaro da bututu masu rassa zuwa 'yan jakunkuna kimanin miliyan 300 a cikin huhu, inda jini ke ɗaukar oksijin. Amma ƙura mai laushi da hayaƙi sukan kutsa har can. Uwar da ta rufe ɗaki saboda ɗari ta hura itace ko kara, ga goyo a baya, ita da yaron duk suna shaƙar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara. Leburan da ke sauke siminti ba takunkumi, shi ma huhunsa ke biya.

Ga yara, babban abin tsoro shi ne ciwon haƙarƙari, wato nimoniya: jakunkunan nan sukan cika da ruwa, yaro ya riƙa haki. Alamarsa ba ta buƙatar na'ura. Jaririn wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, ya wuce maganin mai talla. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ba a jiran wayewar gari. Tun 2014 Nijar ta sa allurar rigakafin ƙwayar da ke yawan haddasa shi cikin alluran jarirai.

Babba kuwa, tarin da ya haura mako 2 da rama da zufar dare, tarin fuka ake zargi. Maganinsa kyauta ne, wata 6 ake sha, kuma mai yankewa a tsakiya yana ƙara wa cutar taurin kai ne.

Asibitin Galmi yana aiki tun 1950, ga kuma na gundumomin Ƙonni da Illela. Iyaye, in yaro ya fara tari, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashin.