Rumbu biyu: yadda Kiristoci ke kallon riƙon amana a lokacin tsanani

Jama'a masu saurarenmu a karkara da 'yan uwa mazauna waje, shekarun nan ba su zo da sauƙi ba. An rufe iyakoki a 2023, ambaliya ta rusa gidaje a Maradi da Damagaram a 2024, ga 'yan bindiga sun hana wasu manoman Madarunfa da Gidan Rumji zuwa gona. Idan aka shiga irin wannan hali, kowa yakan damƙe abin da ke hannunsa. To me addinin Kirista ya ce a kan haka?

Tushen koyarwar shi ne, abin da ke hannun mutum ba nasa ba ne. Gona, rumbu, lafiya, ilimi, duk na Allah ne. Mutum wakili ne da aka ba ajiya, kuma za a tambaye shi.

Labarai biyu daga Littafi Mai Tsarki sun fayyace maganar. Na farko na Yusufu ne a Masar, wanda Musulmi ma sun san shi sarai. A shekaru 7 na wadata an tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona. Da shekaru 7 na yunwa suka zo, ya buɗe rumbuna, mutanen Masar da na ƙasashen kewaye suka sayi hatsi suka tsira. Na biyu misali ne da Yesu ya bayar a littafin Luka. Wani attajiri gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura ya rushe rumbunansa ya gina manya, ya zauna ya ci shi kaɗai. A daren nan rai ya yi halinsa.

Ku lura, dukansu biyu ajiya suka yi. Ba tanadi aka hana ba, ba sayarwa aka hana ba. Bambancin, wa aka ajiye wa? Mai riƙe hatsi domin ƙauye ya samu a bazara, da mai ɓoye shi har tiya ta ninka kuɗi, ba ɗaya suke ba.

Sai batun hidima. A littafin Yohanna, Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ke yi a gida. Daga nan Kiristoci suka ɗauko cewa babba shi ne mai duƙawa, kuma ba ya jiran godiya.

Wannan ba magana ce ta cikin majami'a kawai ba. Asibitin Galmi da ke jahar Tawa, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950, har yau yana karɓar marasa lafiya, kuma akasarinsu Musulmi ne. Haka Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya da ya yi aiki a Maradi. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sharewa a gonaki toho ne na kututturan itatuwa masu rai. Maimakon dashe, sai a zaɓi toho masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su. Shi ne sassabin zamani. Manoma suka koya wa juna, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar. Ba a kawo sabon abu ba, abin da ke ƙasa aka kula da shi.

To ina namu? Ɗan uwa a Agadas, Libiya ko Abijan ya aiko kuɗin buhun gero na tsohuwa, ka karɓa, amana ce. An ɗora ka a kwamitin bankin hatsi ko rabon taimako, sunan da ka rubuta amana ce. Mai aikowa ma ya tambayi kansa, domin a ci ya aiko ko domin a ji? Wanda ba shi da ko dala, yana iya taya gwauruwa noma wuni ɗaya.

Fastoci kan tunatar cewa ba a jiran yalwa kafin a yi alheri, domin a lokacin ƙunci ake gane mai amana. Bazara na tafe. Kowa ya duba rumbunsa, na Yusufu ne ko na attajirin nan?