Karayar Saman Ƙashin Ƙwauri a Gwiwar Tsofaffi: Darasi Daga Kuala Lumpur

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani kan karayar da ke aukuwa a saman ƙashin ƙwauri, daidai inda ƙashin cinya ke zama a kansa. Ta nuna cewa manufar jinyar tsoho ita ce a mayar da shi kan ƙafafunsa da wuri, domin doguwar kwanciya kan fi karayar kanta haɗari.

1.0 Gabatarwa

Maleshiya ta shiga sahun ƙasashen da yawan tsofaffinsu ke ƙaruwa. Saboda haka manyan asibitocin Kuala Lumpur, irin su Hospital Kuala Lumpur da asibitin koyarwa na Jami'ar Malaya, suna karɓar masu wannan karaya iri biyu. Akwai matashin da ya yi haɗarin babur, akwai kuma dattijuwar da santsi ya kwashe a banɗaki. Ƙashin matashi ƙarfin bugu ne ke tsaga shi. Na tsoho kuwa ya riga ya zaizaye daga ciki, musamman ga mata bayan ɗaukewar haila, don haka ƙaramar faɗuwa kan sa samansa ya lotsa.

2.0 Gano Karayar

A shekarar 1979 Joseph Schatzker, likitan ƙashi a Toronto, ya kasa wannan karaya gida shida. Kashi na biyu, wato tsagewa tare da lotsawa, da na uku, wato lotsawa zalla, su ne aka fi danganta su da ƙashin da ya raunana. Sau da yawa iyali kan ɗauka targaɗe ne, domin ƙafar ba ta lanƙwashe ba. Hoton ƙashi na yau da kullum ma yakan ɓoye zurfin lotsawar, shi ya sa ake buƙatar hoton CT. Wajibi ne kuma a duba gudanar jini zuwa tafin ƙafa, saboda babbar jijiyar jini tana ratsawa ta bayan gwiwa.

3.0 Hanyoyin Jinya

Idan ƙashin bai goce ba kuma gwiwar ba ta rawa, akan sa takalmin gwiwa mai lanƙwasuwa, a hana taka ƙafar tsawon makonni shida zuwa goma sha biyu. Idan ya lotsa sosai, akan yi tiyata a ɗago wurin, a cike ramin da ke ƙasa da dashen ƙashi ko simintin ƙashi, sannan a ɗaure da farantin ƙarfe mai kusoshi masu kullewa, waɗanda suka fi riƙe ƙashi mai laushi. Ga wanda ciwon gwiwa ya riga ya cinye masa guringuntsi, wasu likitoci kan zaɓi sauya gwiwar da ta roba da ƙarfe tun farko, don ya fara takawa da wuri.

Dalilin gaggawar a fili yake. Tsohon da ya daɗe a kwance yana fuskantar daskarewar jini a ƙafa, da ciwon huhu, da gyambon kwanciya. Gwiwar da aka bari a miƙe tsawon lokaci kuma takan sandare, har sujada da zaman tahiya su gagara. Wannan damuwa ɗaya ce ga Bamalaye da Bahaushe, kuma ita ce ta sa gashin ƙashi ya zama rabin magani.

4.0 Kammalawa

A ƙasar Hausa mai ɗori ne akan fara nufa, ko da yake Asibitin Ƙashi na Dala yana Kano tun 1959. Maleshiya ma tana da masu ɗorinta, kuma ta kafa dokar tsara maganin gargajiya a 2016. Sai dai karan ɗori ba ya iya ɗago ƙashin da ya lotsa a cikin gaɓa, ɗauri mai tsanani a kan kumburi kuma yana iya tsayar da jini har a rasa ƙafar. Duk tsohon da ya faɗi, gwiwarsa ta kumbura, ya kasa takawa, a kai shi hoto a ranar. Bayan ya warke kuma a auna ƙarfin ƙashinsa a ba shi magani, domin karayar da za ta biyo baya tana iya zama ta ƙugu.