Hannun Baffa da Ƙwayar Wake

Da asuba ce buta ta suɓuce daga hannun Baffa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi tafiya. Ya buɗe baki zai kira Inna, magana ta fito a karkace. Mutumin da ya shekara talatin yana dillanci a kasuwar shanu ta Potiskum, wanda kan riƙe igiyar bijimi da hannu ɗaya yana ciniki, sai ga shi an cicciɓe shi zuwa cikin Keke Napep. A asibiti aka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Maƙwabta kuwa tuni sun yanke hukunci, wai iska ce ta shafe shi.

Ciwon ba a hannu yake ba. Jijiyar jini ce kan toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, wani sashe ya rasa jini ya lalace. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya ɓarin dama na jiki, shi ne kuma ke kula da magana ga yawancin mutane, shi ya sa na Baffa ya haɗa har da harshe. Kamar wutar lantarki ne: ƙwan fitila lafiyarsa ƙalau, waya ce ta tsinke a hanya.

Ƙafa ta riga dawowa, kamar yadda ta saba. Cikin mako shida yana dogara sanda zuwa masallaci. Hannun kuwa ya lanƙwashe a ƙirji, yatsu a dunƙule. Muka yi abin da kowa ke yi: man zafi, tausa, ruwan ɗumi, addu'a. Inna ta ba shi abinci a baki, ni in sa masa riga, yara su miƙa masa ko da goro ne. Mu a ganinmu biyayya muke yi.

Sai da aka kusa wata biyu muka kai shi wurin likitan gashi. Ni wannan suna na “gashi” ban so shi ba, don yana sa mutane su zaci za a haska wa hannu fitila mai zafi ne ya warke, alhali mara lafiya na kwance. Likitan, wani matashi, ya ɗora hannun Baffa a kan tebur ya ce ya ɗaga wuyan hannu, ya buɗe yatsu. Suka ɗan motsa, da ƙyar. Ya ce, “Baba, akwai rai a hannun nan. 'Yan gida ne suka hana shi aiki.” Inna ta ji zafin maganar har muka iso gida.

Gaskiya ya faɗa. Wani masani a Amurka, Edward Taub, ya nuna cewa idan hannu ya yi ta gazawa a kwanakin farko, ƙwaƙwalwa kan saba da rabuwa da shi, ko da ƙarfinsa ya soma dawowa. Dabararsa ita ce a killace hannu mai lafiya, a tilasta wa mara lafiyar aiki. A 2006 aka buga sakamakon gwajin da aka yi kan mutum 222 a Amurka, waɗanda suka yi wata uku zuwa tara da ciwon: mako biyu ana rufe wa wasunsu hannu mai lafiya kusan duk yini, ana atisaye har awa shida a rana, kuma hannuwansu sun fi na sauran farfaɗowa. Ƙwaƙwalwa na iya shimfiɗa sababbin hanyoyi, amma sai da maimaici mai yawa. Awa shida ta yi wa yawancin mutanenmu nauyi, shi ya sa aikin Dakta Auwal Abdullahi na Jami'ar Bayero ya burge ni: ya bincika ƙirga yawan motsin da aka yi a madadin kallon agogo.

Mu da carbi muka ƙirga. Bayan sallar walaha sai a zura wa hannun hagu safa mai kauri, a ajiye kwanon wake da faifai a gaban Baffa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya kai faifai, Inna ta ja carbi. Zagaye uku, kusan ɗari uku ke nan. Ranar farko ko ashirin bai kai ba, gumi ya jiƙe masa wuyan riga, ya hankaɗe kwanon wake ya watse a tsakar gida, ya ce shi ba yaro ba ne. Muka tsince, washegari aka sake. Daga wake aka koma murɗa murfin kwalba, ɗaga moɗa, ƙirga takardun naira. Wannan na ƙarshen ya fi so. In zai tashi da sanda ko zai zaga bayi, a cire safar, kada ya faɗi.

Dabarar ba ta kowa ba ce. Wanda yatsunsa ba sa motsi ko kaɗan, da wani abin ake fara masa. Akwai na madubi, wanda V. S. Ramachandran ya ɓullo da shi a shekarun 1990 don masu yankakken hannu: a ɓoye shanyayyen hannu bayan madubi, a motsa mai lafiyar, ido ya ga kamar ɗayan ne ke motsi. Madubin ɗakin Inna ya yi wannan aikin. An kuma gargaɗe mu kan kafaɗa: kada a kuskura a ja mara lafiya ta shanyayyen hannu wajen tayar da shi, gaɓar kan goce, ciwonta ya hana atisaye. Mun yi hakan ya fi a ƙirga kafin mu sani.

Watanni ukun farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin farfaɗowa, mu kuwa mun ɓarar da biyu. Na ƙauyukan Fika da Nangere sun fi mu wahala, wasu har Damaturu ko Azare suke zuwa, kuɗin mota ya sa su daina. Shi ya sa ya kamata ɗan gida ɗaya ya shiga ɗakin gashin, ya koya, ya zo gida a ci gaba. Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ga sauƙi.

A wata na bakwai Baffa ya yanki lomar tuwo da hannun dama. Miyar kuka ta ɗiga a gaban riga, Inna ta miƙa hannu za ta goge, ya ce ta bari. Har yanzu maɓalli na gagararsa, igiyar sa kuwa ya bar wa yara. Yana zuwa kasuwa dai, ya zauna a rumfa, in an sallama ciniki ya karɓi la'adarsa ya ƙirga da kansa, a hankali, mai saye na tsaye yana jira.