Amfanin Hoton Asibiti Wajen Gano Cututtukan Ƙashi da Gaɓoɓi

Kamar yadda aka sani, a yawancin garuruwanmu da ƙauyukanmu idan mutum ya faɗo daga bishiya, ko ya yi haɗari a kan babur, wurin mai ɗori ake fara nufa da shi. Sana'ar ɗori tsohuwa ce, ta gado, kuma jama'a sun yarda da masu yin ta. Sai dai duk ƙwarewar mai ɗori, da hannu yake lalubawa, shi kuwa hannu yana da iyaka. Ba ya iya tantance ko ƙashi gida biyu ya rabu ko gida biyar, ko karayar ta shiga cikin gaɓa, ko ma ciwon ba karaya ba ne sam. Wannan shi ne aikin hoto, kuma saboda haka ne ake kira ga jama'a da su riƙa yin hoto kafin a ɗaure kowace karaya.

Yadda hoton ƙashi yake aiki

Wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken da ake wannan hoto da shi, a ranar 8 ga Nuwamba, 1895, kuma aka ba shi kyautar Nobel a 1901. Haske ne da ido ba ya gani, wanda yake ratsa fata da tsoka cikin sauƙi, amma ƙashi yana tare mafi yawansa saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa. Shi ya sa ƙashi yake fitowa fari a hoton, tsoka ta fito toka-toka, iska kuma baƙa. Inda ƙashi ya tsage, sai a ga baƙin layi ya ratsa farin. Wannan shi ne hoton da ake kira eksire.

A ƙa'ida, ana ɗaukar hoton aƙalla ta fuska biyu, ta gaba da ta gefe, domin karayar da ta ɓuya ta wata fuskar tana iya bayyana ta ɗayar. Haka kuma akan haɗa da gaɓar da ke sama da wurin ciwon da wadda ke ƙasa. Don haka kada majiyyaci ya ɗauka ana son ƙara masa kuɗi ne idan aka ce a sake juya hannun a ɗauka.

Inda hoto ya fi ceton gaɓa

Karayar da ta fi tayar wa likitocin ƙashi hankali ita ce ta saman gwiwar hannun yaro, wadda akan samu idan yaro ya faɗo ya dafa ƙasa da tafin hannu, kamar yadda yake faruwa lokacin mangwaro. Babbar jijiyar da ke kai jini zuwa yatsu daf da wannan ƙashi take wucewa. Idan ƙashin ya goce yana iya danne ta, idan kuma aka ƙara da ɗauri mai tsauri da karare a kan hannun da ke kumbura, sai jini ya daina zagawa. Cikin sa'o'i kaɗan tsoka take fara mutuwa. Ƙarshen abin shi ne hannu ya ƙanƙance ya shanye, ko ya ruɓe har sai an yanke shi. Hoton da bai wuce minti kaɗan ba yana nuna ko ƙashin yana wurinsa, filasta ta isa, ko ya goce har yana bukatar a mayar da shi a ɗakin tiyata. Iyaye su lura: duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance shi a garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne.

Haka batun yake ga tsofaffi. Dattijo ko dattijuwar da ta zame a banɗaki ta kasa miƙewa, sau da yawa wuyan ƙashin cinya ne ya karye a cikin kwatangwalo. Wuri ne mai zurfi, tsoka ta lulluɓe shi, babu hannun da zai ji shi, kuma ba kasafai yake haɗewa da ɗauri ba. Akan ce targaɗe ne, a yi ta shafa magani, alhali doguwar kwanciya tana jawo gyambon baya da ciwon huhu.

Ba kowane ciwon ƙashi ne karaya ba

A wannan yanki namu akwai cututtukan da ke cin ƙashi ba tare da an faɗi ko an buge ba. Tarin fuka, wanda aka fi sani da tibi, ba huhu kaɗai yake kamawa ba. Yana shiga ƙashin baya ya cinye shi a hankali har ya rufta, ya haifar da ƙusumbi, wani lokaci ya danne laka ƙafafu su mutu. Wani likitan Ingila mai suna Percivall Pott ya yi bayanin wannan ciwo tun a 1779. Mai fama da ciwon baya na watanni, tare da rama da zufar dare, hoto yake bukata da gwajin tibi, domin ciwo ne mai magani idan an gano shi da wuri.

Masu cutar sikila kuwa, jini yakan daina isa kan ƙashin cinyarsu, sai wurin ya mutu ya lotse, matashi ya fara ɗingishi. Yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe ko suka yi gwame su ma hoton wuyan hannu ko na gwiwa yana nuna ko ƙashinsu ne bai yi ƙwari ba. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa a wurin yaranmu ƙarancin kalsiyam a abinci shi ne babban dalilin wannan lalura. Sannan akwai ciwon dajin ƙashi, wanda ya fi tsirowa kusa da gwiwar matasa. Kumburin da ke ƙaruwa mako bayan mako, yana hana barci, ba abin murzawa ba ne ko tsagawa.

Abin da eksire ba ya gani

Ya kamata a fahimci cewa hoton eksire shi ma yana da iyakarsa. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga ɓargo, yaro zai yi zazzaɓi mai zafi ya ƙi taka ƙafa, amma hoton ba zai nuna komai a ƙashin ba sai bayan kwana 10 zuwa 14. Jiran hoto a irin wannan hali kuskure ne, kuma likita yakan fara magani bisa abin da ya gani a jiki da gwajin jini. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin ƙashi a wuyan hannu, a gindin babban yatsa, wanda tsagewarsa kan ɓuya a hoton farko. Idan aka ce a dawo bayan mako biyu a sake ɗauka, to, akwai dalili. Guringuntsi da jijiyoyin da ke riƙe gaɓa ma ba sa fitowa a eksire.

Saboda wannan ne aka samar da wasu na'urori. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, da amon sauti yake aiki, kuma yana nuna ruwa ko mugunyar da ta taru a gaɓa, musamman kwatangwalon ƙaramin yaro, inda mugunya ke iya lalata guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Siti-sikan, wanda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971, eksire ne da kwamfuta ke haɗawa yanki-yanki, kamar a yanka burodi a duba kowane yanki, kuma ya fi dacewa da karayar ƙugu da ta ƙashin baya da wadda ta farfashe a cikin gaɓa. Hoton maganaɗisu, wanda ma'aikatan asibiti ke kira em-ar-ai, shi ne ke nuna laka da ɓargo da jijiyoyin gwiwa, kuma yana gano mutuwar kan ƙashin cinyar mai sikila tun eksire bai nuna komai ba. Yana ɗaukar lokaci, yana da ƙara, yana da tsada, kuma wajibi ne mai wani ƙarfe ko na'ura a jikinsa ya faɗa kafin a shigar da shi. Galibi a asibitocin koyarwa da na ƙwararru ake samun waɗannan biyun na ƙarshe, don haka a tambaya a tabbatar na'urar tana aiki kafin a yi doguwar tafiya da marar lafiya.

Wani abin da ake yawan kuskurewa shi ne ɗaukar hoto a matsayin magani. Yawancin ciwon bayan da manoma ke samu bayan noma ko ɗaukar kaya yana lafawa cikin 'yan makonni, kuma ba ya bukatar hoto. Shi ma amosanin gwiwa na tsufa, wani hotonsa ya yi muni amma yana zuwa gona, wani hoton da sauƙi amma ko ruku'u yana yi masa wuya. Likita ne zai haɗa hoton da abin da majiyyaci ke ji.

Batun illa

Mutane da yawa na tsoron cewa hoto yana shan jini ko rage kwana. Ba haka ba ne. Hasken da jiki ke samu a hoton ƙirji guda ya yi daidai da wanda kowa ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin kusan kwana 10, na hannu ko ƙafa kuwa bai ma kai haka ba. Na siti-sikan ya fi yawa ƙwarai, shi ya sa ba a yin sa sai da dalili, musamman ga yara. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta sanar da ma'aikaci kafin a fara.

Kira ga shugabannin al'umma

Ga shugabannin ƙananan hukumomi, sayen na'ura shi ne mafi sauƙin aikin. Tana bukatar wutar lantarki tsayayya, da ɗakin da aka kare bangonsa da dalma ko kankare mai kauri, da ma'aikacin hoto mai rajista, da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2001. Na'urorin zamani na fitar da hoto a kwamfuta, ta yadda za a iya tura shi ga ƙwararre a wani gari, irin likitocin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka kafa a 1959, ba tare da an ɗauki majiyyaci ba tukuna.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni kuwa su ne suka fi kowa kusa da masu ɗori. Ana roƙon su zauna da su a fahimci juna a kan karayar da bai kamata a taɓa a gida ba: wadda ƙashi ya huda fata, da ta gwiwar hannun yaro, da ta kwatangwalo, da duk wani rauni a wuya ko baya. Wanda aka riga aka yi wa hoto kuma ya adana shi a cikin ambulan ɗinsa, kada ya naɗe shi ko ya bar shi a rana, ya kuma riƙa zuwa da shi duk ranar ganin likita, domin ta hanyar kwatanta tsohon hoto da sabo ne ake sanin ko ƙashi yana haɗewa.